Babur ɗin da Na Kai Ɗauri

Ni malamin dabbobi ne, kuma shekara goma sha ɗaya ni na riƙe zagayen kasuwannin ƙauye na ofishinmu da ke Daura: Sandamu, Dutsi, har Babban Mutum can kusa da iyaka. Aikin a tsare yake. Ka isa kara, wato kasuwar dabbobi, kafin a fara ciniki, ka duba baki, ka duba kofato, ka ware dabbar da ba ta da lafiya, ka rubuta. Idan lokacin rigakafi ya zo, gab da saukar damina, sai ka bi rugage ɗaya bayan ɗaya da kwalaben allura a cikin akwatin ƙanƙara. Sharaɗin ofis guda ne. Mai zagaye dole ya kasance da abin hawa nasa na kansa, takardunsa da sunansa, kuma ya zo da shi ranar da ake rabon allura. Wanda ya zo a ƙasa, mayankar gari ake tura shi, ya zauna a kan benci yana juya hanta da huhu har ya yi ritaya. Na ga mutum biyu da aka yi wa haka, kuma ban taɓa zaton zan zama na uku ba.

Ƙaramin babur ɗina ya tsufa, bayana ma ya fara ƙorafi. Sai na sayar da shi, na haɗa da abin da na tara, na tafi Kano. A wani shago mai bangon gilashi na ga irin wanda nake so. Ƙirar ƙasar Sin ne, babba, na doguwar tafiya, da gilashin tare iska a gaba da akwatuna biyu a gefe. Ba kyansa na duba ba. Na auna akwatin gefe da tafin hannuna, na ga akwatin ƙanƙarata zai shiga daidai. Na duba tanki, na ga zai kai ni Babban Mutum ya dawo da ni ba tare da na tsaya wajen masu sayar da mai a galan ba.

Mai kula da ciniki a shagon wani saurayi ne mai ɗaure da laktaye a cikin zafin Kano. Tambaya uku na yi masa, bi da bi. Akwai kayan gyara? Ya ce sito guda ne cike. Akwai mai gyara? Ya ce injiniyoyi ne, ba bakanikai ba. Idan ya lalace fa?

Ya miƙo mini wani ɗan littafi mai sheƙi, rabi Turanci rabi rubutun Sin, ya buga masa hatimi. Ya ce, "Baba, garanti ke nan, shekara biyu. Wannan ba irin na 'yan acaɓa ba ne. Kamfani na bayanka. Ko a daji ya tsaya, waya kawai za ka buga."

Na karanta shafin farko da na biyu, inda rubutun yake da girma. Turancina na aiki ne, ba na lauya ba. Na sa littafin a fayil tare da rasit. Ban hau babur ɗin ba. A bayan a-kori-kura na ɗora shi har Daura, domin ba a kai shi ɗauri ba tukuna.

Duk wanda ya taɓa sayen babur a ƙasarmu ya san ɗauri. Ƙananan baburan da muka saba da su a kwali suke zuwa, a bakin shago ake harhaɗa su cikin gaggawa. Wanda ya hau haka, wata rana taya za ta riga shi isa gida. Saboda haka kafin ka hau sabon babur, sai ka kai wa bakanikenka ya kwance kowane noti ya sake ɗaurewa da hannunsa, ya zubar da baƙin man da ya zo da shi ya zuba wanda aka sani, ya sa giris inda ya kamata. Ba wanda ke tambaya ko za a yi. Abin da ake tambaya shi ne wa zai yi.

Nawa bakaniken tare muka yi firamare. Garejinsa a ƙarƙashin wata darbejiya yake, bayan tasha. Da aka sauke babur ɗin sai ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya.

Ya ce, "Likitan jakai, wannan kuma jirgi ne ko babur? Ina za ka da shi, Makka?"

Na ce, "Kai dai ɗauko sifana, ka bar surutu. Daga gaba za ka fara, ka ƙare a baya. Kada ka tsallake ko ɗaya."

"Shekara nawa ina ɗaure maka babur, ka taɓa faɗuwa?"

"Sau ɗaya."

"Wannan ai akuya ce ta kayar da kai, kuma maganinta ka je yi."

Na zauna a kan benci ina kallo, ina ƙirga notin da ya taɓa. Can sai ya kira ni. A kan kowane noti na inji da na ƙafafu akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa, ya gangaro daga kan notin zuwa jikin ƙarfe.

Ya ce, "Dubi aikin mutanenka. Sun iya ƙera inji, sun kasa riƙe buroshi. Ko'ina sun ɗiɗɗiga."

Ni ba na son ƙazanta a jikin kayan aiki. Na ce ya goge. Ya ce wannan ba aikin bakanike ba ne, aikin mai shara ne. Sai na karɓi tsumma da ɗan fetur a murfin galan, na durƙusa na bi notin nan ɗaya bayan ɗaya na goge su tas. Da hannuna na yi. Ba na ɓoye wannan, kuma ban taɓa ɗora wa abokina laifinsa ba.

Wata huɗu babur ɗin ya yi mini aiki, kuma gaskiya sai a faɗe ta, ya yi aiki. Tafiyar da a da nake isa da ciwon baya, yanzu ina isa in sauka in kama aiki nan take. A kara Fulani kan kewaye shi suna leƙa fuskarsu a gilashin. Ina canza masa mai a kan lokaci, ina rubuta ranar a bayan littafin garantin.

Ranar wata Talata da hantsi, ina dawowa daga wajen Dutsi, sai wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Na danna maɓallin tayarwa, shiru. Na kai ƙafa neman kik, sai na tuna ba shi da shi. Na buga lambar da ke bayan littafin. Wata murya ta mace, wadda aka naɗa, ta gode mini da Turanci, ta ce kirana yana da muhimmanci, sannan aka sa mini kiɗa. Ina tsaye a rana a gefen gonar wani, ina jin kiɗa, har katina ya ƙare. Amalanken shanu ne ya kai mu bakin titi.

Bakanikena ya buɗe gefen inji yana neman kafireta, bai samu ba. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin babur marar kafireta ba, kamar a ce saniya ba tumbi. Muka tura shi zuwa shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyara, wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Ya cire kujerar babur ɗin, ya nuna mana wani ɗan baƙin akwati mai wayoyi da yawa.

Ya ce, "Malam, wannan ita ce ƙwaƙwalwa. Ita ke ba inji mai, ita ke ba shi wuta. In ta mutu, babur ya zama kujera. Ba ni da ita, ɗan'uwana na Legas ma ban jin yana da ita. Amma ai kana da takarda. Mayar musu da kayansu."

A lokacin saura mako shida a yi rabon allura. Na lissafa, na ga lokaci ya ishe ni. Na sake ɗora shi a a-kori-kura zuwa Kano.

Zuwana na farko, saurayin mai laktaye ya tarbe ni da fara'a, ya ce ƙaramin abu ne. Na ce a kira injiniya. Sai ya ce injiniyan a Legas yake zaune, sau ɗaya yake zuwa a wata, da kwamfutar da ake duba ƙwaƙwalwa. Na ce ina injiniyoyin da ya ce suna da su? Ya ce ai shi ɗin ne, ba wani. Na ce a nuna mini siton kayan gyara. Ya kai ni wani ɗaki a baya. Na ga hulunan kwano, na ga riguna masu tambarin kamfani, na ga madubai guda shida da kwalin fulogi. Wannan shi ne siton da yake cike. Suka karɓi babur ɗin, suka tura shi wani lungu, suka ba ni 'yar takarda. Ya ce mako mai zuwa.

Da na dawo Daura, Ibon nan ya kira ni gefe. Ya ce, "Malam, in gaya maka gaskiya? Je ka karɓo babur ɗinka ka kawo mini. Ni zan jira ƙwaƙwalwar ko shekara ce, ba ni da rugar da zan je. In ba ka ƙaramin sabo a madadinsa, mu yi takardu da sunanka, ka riƙe aikinka."

Na ce kamfani ya ce mako mai zuwa.

Ya yi dariya ya ce, "Ni ma haka nake ce wa mutane in ba ni da kaya."

Na ƙi. Na ƙi ne domin ina da takarda mai hatimi, kuma a tarbiyyata hatimi magana ce. Da sun ce mini a'a tun ranar farko, da na karɓi tayinsa, da yau ba wannan labarin nake rubutawa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Ƙin nasu bai kai jan ran ciwo ba.

Mako ya wuce. Na buga waya, aka ce injiniya yana hanya. Wani makon aka ce ya iso. Na nemi izini a ofis na tafi Kano karo na biyu. Na tarar da shi kuwa, wani mai ƙiba yana cin gyaɗa a kan teburin manaja. Ya zo da kwamfuta, amma ya manta wayar da ake haɗa ta da babur. Ya faɗi haka ba ko kunya, yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cikinsa. Na leƙa lungu na ga babur ɗina, an ɗora masa kwalaye a kan kujera, wani ya rataya rigarsa a madubi.

Tsakanin zuwa na biyu da na uku na rubuta wa kamfanin wasiƙa, na kai wani shagon kwamfuta aka aika musu can ƙasarsu. Na jera komai da lamba: ranar saye, ranakun canjin mai, ranar da ya tsaya, ranar rabon allura da abin da zai same ni idan ta wuce. Amsa ta zo washegari, layi uku. Sun gode da na zaɓe su. Gamsuwata ita ce burinsu. In tuntuɓi wakilinsu mafi kusa. Wakilinsu mafi kusa shi ne mai laktaye. Na sake rubutawa na gaya musu haka, suka sake aiko mini da layi ukun nan, ko waƙafi ba su canza ba.

Shugaban ofishinmu, mutum ne mai adalci, ya kira ni ya ce, "Malam, ka san ƙa'ida. Kai ka fi kowa tsayawa a kanta lokacin da ta faɗa kan wasu." Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ban roƙe shi ba.

Saura kwana uku rabon allura aka kira ni, aka ce injiniya ya dawo da wayarsa. Na isa Kano kafin azahar. Ya haɗa kwamfuta, ya duba, ya gyaɗa kai. Ya ce ƙwaƙwalwar ce, kuma daga masana'anta ta zo da lahaninta, ba ni kaɗai ba ne, ya ga irin haka a wasu. Na ce alhamdu lillahi, a canza. Ya ce sai ya cike fom. Ya ɗauko fom ɗin da tocila, ya durƙusa da ƙyar, ya haska noti na farko, ya haska na biyu. Ya miƙe ya yi wa mai laktaye magana da Turanci ƙasa-ƙasa.

Mai laktaye ya ce, "Baba, akwai 'yar matsala. Ina fentin da ke kan notin nan?"

Na ce na goge.

"An kwance su?"

"An kai shi ɗauri."

Ya buɗe littafin garantin can wajen ƙarshe, ya sa yatsa a kan wani rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya ce fentin nan shaidar masana'anta ce. Idan babu shi, an taɓa babur a wajen da ba nasu ba, garanti ya faɗi.

Na juya wajen injiniyan na ce, "Noti ne ya kashe ƙwaƙwalwar?"

Ya ce a'a.

"Akwai abin da ya haɗa su?"

Ya ce babu. Amma tambaya ta farko a fom ita ce ta fenti, kuma idan amsarta a'a ce, ba a zuwa ta biyu.

Na dubi saurayin. Na ce, "Yaro, kai ɗan ina ne?"

Ya ce Kazaure.

"A Kazaure ana hawa sabon babur ba a kai shi ɗauri ba?"

Ya gyara laktaye.

"Da kai nake. Mahaifinka yana da babur?"

"Yana da shi, Baba."

"Ya kai shi ɗauri?"

"Ya kai."

"Ka ga na ɗora wannan a mota a ƙofar shagon nan, ban hau ba. Me ka zaci zan je in yi da shi a Daura? Kalma nawa ce a ce kada a taɓa fentin?"

Ya ce shi ciniki aka ɗauke shi yi, sharuɗɗa kuma suna cikin littafi. Ban ɗaga murya ba. Mutumin da ya san al'adar garinsu, ya ga dattijo zai faɗa rami saboda ita, ya yi shiru don kada ciniki ya tsaya, bai kai a yi masa tsawa ba. Su kuma na can, da suka ƙera babur suka aiko ƙasar da kowa ke kwance noti ranar farko, ba su taɓa tambayar yadda ake yi a nan ba. Ko kuwa sun tambaya, sun ga hakan ya fi musu.

Na ce to a sayar mini da ƙwaƙwalwar. Babu ita a ƙasar, sai an yi oda, wata uku. Na ce a ba ni babur ɗina, domin na tuna tayin Ibon, kuma kwana uku za su isa a yi takardu idan aka yi sauri. Aka ce babur ɗin da ya shiga da takarda ba ya fita sai manaja ya sa hannu, manaja kuwa ya tafi ɗaurin aure Zariya, sai Litinin. Rabon allura ranar Litinin ne da safe.

Na koma Daura hannu wofi. Washegari bayan la'asar na tsaya wajen wani maƙwabcina, tsohon alƙalin kotun shari'a da ya yi ritaya, na ba shi labari daga farko har ƙarshe. Ya saurara yana jan carbi.

Ya ce, "Wannan aibi ne bayyananne, tun daga wajen mai shi. A shari'a ana mayar da kaya saboda shi, kuma goge fenti ba ya kawar da haƙƙinka. Amma wa ya sayar maka?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, shagon sun ce su wakilai ne. Mai shigo da kayan yana Legas. Mai ƙerawa yana Sin."

"To wa za a kai wa sammaci?"

Ya ce a zamaninsa ya raba rigimar doki mai ɗingishi da ta saniya mai ɓoyayyen ciwo, kuma kowane lokaci akwai mutum a tsaye gabansa wanda zai iya jin kunya. Ya ce zan iya shigar da ƙara a Kano, amma ba kafin Litinin ba.

Ranar Litinin na yi wanka na sa kayan aikina, na tafi ofis a ƙasa. Abokan aiki sun jera baburansu a gindin bishiya. Aka kira sunaye, aka kira zagayen Sandamu da Dutsi da Babban Mutum, aka ba wani matashi da bai fi shekara biyu da fara aiki ba. Na miƙa masa littafina na rugage. Na nuna masa wace ruga ake fara zuwa, wace ake bari sai rana ta yi sanyi, wane ardo ne ba a shiga garkensa sai an zauna an sha nono, da inda rafi ke yanke hanya idan ruwan farko ya sauka. Ya ce ya gode, Baba. Daga nan na wuce mayanka, aka nuna mini bencina.

Babur ɗin na karɓo shi ranar Laraba. Bayan wata biyar Ibon ya samo ƙwaƙwalwa ta hannu daga jikin wani irinsa da ya yi hatsari a kudu. Bakanikena ya ɗaura ta cikin minti goma, ba kwamfuta ba fom, inji ya tashi. Da Sallah kamfanin ya aiko mini saƙon barka a waya, da tunatarwa cewa lokacin sabis ya yi.

Da kaka wani ardo daga rugagen Babban Mutum ya shigo mayanka yana tambayata. Ya same ni da wuƙa a hannu ina tsaga huhun wani bijimi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi garke. Ya ce sabon malamin yaron kirki ne, sai dai ya zo musu bayan rafi ya cika, ya juya daga bakin ruwa, maruƙa ba su sami allura ba. Ya leƙa waje ya ga babur ɗin a jingine a inuwa, a wanke.

Ya ce, "Ga dokin naka lafiya lau. Yaushe za ka zo mana?"

Na ce masa zagayen ba nawa ba ne yanzu, ya je ofis ya nemi mai shi. Na rubuta masa 'yar takarda ya kai, na koma kan huhun.